Yadda Tafkunan Gagare da Bunsuru Suka Rasa Masu Tsaronsu

Tafkunan arewacin Zamfara 'ya'yan gulbi ne. Gagare ya ratso ta Kaura Namoda, Bunsuru ya biyo ta Zurmi, su biyun suka doshi fadamar Shinkafi kafin su zuba cikin Rima. Idan damina ta yi tsakiya, ruwa kan haura gaɓa ya malale cikin fadama, in ya janye sai ya bar na kwance duk inda ƙasa ta yi kwari. Manya irin tafkin Jena na ƙasar Zurmi sukan daɗe da ruwa. Ƙananan kuwa kafin bazara sun koma busasshen taɓo, sai gaiwa da ta nutse ƙarƙashinsa tana jiran wata daminar.

Arzikin wannan ƙasa ba na yau ba ne. Lokacin da Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya bi ta Zurmi zuwa Badarawa a 1853, ya tarar da kasuwa cike da auduga da albasa, kuma albasa ba ta yin kyau sai inda ruwa ya zauna. Abin da ya riƙe ruwan kuwa tsari ne da kowa ya san shi ba tare da an rubuta ba. Sarkin Ruwa ke da iko da tafki. Da zarar gulbi ya janye zai hana su, a bar kifi ya yi ƙwari, ba mai jefa ko da ƙugiya sai ranar da ya sa. Ranar kuwa gari kan fito, masunta su kifa ciki kan gora, homa a hannu biyu, a kwashi tarwaɗa da karfasa, a fitar da rabon sarki, sauran kowa ya kai gida. Makiyayi yana da burtalinsa da mashayarsa, manomi bai isa ya shuka a kansu ba. Mai lambu kuma da jigo yake ban ruwa, abin da ƙarfin damtsensa ya ɗebo shi ne iyakar abin da zai rage wa tafkin.

Turawa sun zo da abu biyu masu karo da juna. Tun kafin 1920 suka keɓe Dajin Zamfara ya zama gandun gwamnati, aka bar ƙauyuka huɗu a cikinsa: Dumburum, Shamushalle, Tsabre da Aja. Ko da niyya ko babu, wannan ya kare ƙasar da ruwa ke gangarowa daga cikinta. Sai kuma ga jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka yi kuɗi, aka shiga sassabe kan tudu. Ƙasar da aka tuɓe wa itatuwa ba ta riƙe ruwan sama. Takan sake shi gaba ɗaya, ya kwaso rairayi ya juye cikin fadama. Tafki ba ya mutuwa rana ɗaya. Cikewa yake yi sannu a hankali, har wata shekara a ga an shuka dawa inda ake su a da.

Bayan 'yancin kai an mai da dajin makiyaya, aka yi masa ƙananan madatsun ƙasa don shanu, dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta ƙara masa ƙarfi. Amma farin 1973 ya sa hukumomi suka karkata ga manyan madatsun ruwa. An gama ta Zobe a 1983 a kan Karaduwa, wanda ke ciyar da Bunsuru daga ƙasar Katsina, aka gama ta Goronyo a kan Rima a 1984. Mutanen Zamfara ba su manta abin da ya faru a madatsar Bakolori a 1980 ba, inda aka kashe manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duk ruwan da aka tare a sama, wani tafki ne a ƙasa aka hana wa rabonsa.

A daidai wannan lokaci ikon ya suɓuce daga hannun masu shi. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage wa sarakuna ƙarfi, dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye hannun gwamna da ƙaramar hukuma. Sarkin Ruwa ya rage da rawani, hukunci ya koma ofis mai nisa da bakin ruwa. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa daga 1993 ya yaɗa injin ban ruwa, kuma gaskiya manoma sun amfana. Sai dai inji ba ya gajiya kamar mai jigo, lambuna kuma suka yi ta matsowa har suka toshe mashaya. Wasu masu son banza suka koma zuba maganin ƙwari Gamalin a ruwa, kifi ya taso matacce babba da ƙarami. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta hakan, amma wa ke bakin tafkin da zai kama mai laifin?

Bayan 1999 aka yi ta yanka gandun daji da burtali ana rabawa gonaki. Ba shi kaɗai ya haifi ta'addancin da ya dabaibaye yankin ba, amma duk wanda ya cire shi daga lissafi bai faɗi gaskiya duka ba. Yau in an ambaci Dumburum, 'yan bindiga ke faɗo wa mutum a rai, ba kiwo ba, kuma fadamu da yawa sai da fargaba ake shigarsu.

Shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, na dala miliyan 700, ya haɗa da Zamfara, kuma farfaɗo da ƙasar da ta lalace ne aikinsa. Masu riƙe da shi su fara da shata iyakar tafkuna da mashaya, su zaunar da Sarkin Ruwa da Arɗo da Sarkin Noma kafin a kira ɗan kwangila.