Gwajin PSA da tarihinsa

Gwajin PSA gwajin jini ne da ake yi wa maza don auna wani sinadari da ƙwayar furostet ke fitarwa, wato ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsara. PSA na cikin sinadaran jiki masu yanka furotin, aikinsa kuwa tsinka maniyyi bayan ya yi kauri. Ɗan kaɗan ne ke tsallakawa cikin jini, don haka da nanogiram ake auna shi, kashi ɗaya cikin biliyan na giram.

Auna abu ƙanƙani haka bai yiwu ba sai da Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka ɓullo da wata dabara a wani asibitin tsofaffin sojoji a birnin Niyok. A 1960 suka wallafa yadda suka auna insulin a jinin mutum ta amfani da sinadaran garkuwar jiki, waɗanda kowannensu abu ɗaya yake ganewa ya cafke. Yalow ta samu lambar Nobel a 1977, Berson kuwa ya riga ya rasu tun 1972. Sai dai dabarar tasu na bukatar sinadarai masu tiriri mai haɗari. A 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann a Suwidin suka musanya su da sinadarin da ke sauya launin ruwa, aka kira hanyar ELISA. Ana ɗiga ruwan jini a faranti mai ramuka 96, gwargwadon turin launin gwargwadon yawan abin da ake nema. Wannan sauƙin ne ya sa ƙananan ɗakunan gwaji suka iya shiga harkar.

Shi kansa PSA, Ming Wang da abokan aikinsa a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo ne suka tace shi a 1979. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da kayan gwajin kamfanin Hybritech a 1986, amma don bibiyar waɗanda aka riga aka tabbatar suna da kansar furostet. Sai a 1994 ta yarda a riƙa binciken masu lafiya da shi.

Daga nan gardama ta tashi. An daɗe ana ɗaukar nanogiram 4 a kowace mililita a matsayin iyaka, alhali kumburin furostet na tsufa, ko ciwon sanyi, ko sanya robar fitsari duk suna iya ɗaga adadin, kuma akan samu kansa a ƙasa da 4. An yi wa maza da yawa tiyatar da ba sa bukata. A 2012 kwamitin rigakafi na Amurka ya ba da shawarar a daina gwajin gama-gari, a 2018 ya sassauta, ya bar wa mai shekara 55 zuwa 69 ya yanke shawara tare da likitansa.

Bai kamata a kwaso wannan muhawara yadda take a ɗora wa Najeriya ba. A nan kansar furostet ce ta fi kowace kansa yawa tsakanin maza, kuma galibi ba a zuwa asibiti sai fitsari ya tsaya ko ciwon ya kai ga ƙashin baya. Alal misali, dattijo a garin Diko da ke son gwajin, Suleja ce kusa da shi, idan kuma sakamako ya yi sama ana iya tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada don a ɗebi tsokar a duba, domin ita kaɗai ke tabbatar da cutar. Kayan gwajin daga waje ake shigo da yawancinsu, kuma na ELISA sai an ajiye su a sanyin digiri 2 zuwa 8, abin da ɗauke wuta ke wahalarwa. Adadin kan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, shi ya sa likitoci ke son mai bibiyar PSA ya riƙe ɗakin gwaji ɗaya.