Daga Kasko Zuwa Hita: Yadda Muka Koyi Gyaran Wutar Ɗumi

Duk wanda ya yi wayo a Zadawa tun ba a ja mana lantarki ba, ya san kasko. Da hunturu ya kama, wajen Disamba da Janairu, iyayenmu mata kan kwashi garwashi daga murhu bayan tuwon dare, su zuba a kasko a shigar ɗaki. Kasko ba ya buƙatar mai gyara, in ya mutu a hura. Illarsa ɗaya ce, kuma babba: in aka rufe ɗaki ruf da gawayi, iskarsa marar wari tana iya kashe mutum yana barci.

Ita kuwa lantarki, hukumar ECN ce ta fara haɗa harkarta a ƙasar nan, da dokar 1950. Aka gama dam ɗin Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a 2013 aka miƙa rabon wuta ga kamfanoni, Jihar Bauchi ta faɗa ƙarƙashin na Jos. Suna ya yi ta canzawa, amma wayar da ke bangon gidajenmu tana nan yadda aka sa ta. Da yawanmu mun yi wayarin ne don kwan fitila da rediyo da fanka, da siririyar waya mai araha. Kwai na da wat 60 yake ci. Hitar ɗaki kuwa takan ci 2,000, wato fiye da kwai talatin a soket guda. To ina waya za ta ɗauka?

Abin da ke yin ja a cikin hita ko risho na lantarki, wata waya ce ta garwayen ƙarfe biyu, nikel da kuromiyam, wadda wani Ba'amurke, Albert Marsh, ya yi wa rajista a 1906. Tana da juriya ƙwarai. Shi ya sa sau da yawa ba ita ce ke lalacewa ba, ko da yake ita muke fara zargi.

Ni kaina na yi wannan kuskure. Wata shekara na sayo wa Inna hita a kasuwar Azare saboda ciwon ƙafa. Kwana tara ta ɗauke. Na yi ta faɗa wai an sayar mini da jabu, ni da nake ɗan kasuwa! Yaron shagona ya buɗe filogi, ya ga fiyus ya ƙone, sai ya naɗa silin waya a madadinsa. Ta kama. Kashegari da asuba Inna ta ji ƙaurin roba, soket ya narke har ya yi baƙi a bango, ga katifa kusa. Allah ne ya kiyaye.

Mai gyaran da na kira dattijo ne, bai taɓa hitar ba sai a ƙarshe. Ya fara duban kwan ɗaki, ko wutar ce ta yi ƙasa. Ya sa tasta a wani soket. Ya kashe wutar gidan daga babban makunni, sannan ya kwance filogin, ya nuna mini noti guda da ya saki. Inda waya ta yi sako-sako, nan zafi ke taruwa. Ya bi igiyar da hannu yana neman inda ta karye ko ɓera ya ci. Sai da ya gama duk wannan ya buɗe cikinta, ya tarar lafiya lau.

Ya ce mini fiyus mai lamba 13 mai gadi ne, an yi shi don ya ƙone kafin gida ya ƙone. In kuma jikin hita yana jan mutum, wayar ƙasa ce babu, kada a sake kunnawa. Ya ja sabuwar waya mai kauri zuwa ɗakin Inna, ya sa mata soket nata ita kaɗai. Kuɗin aikin ya fi kuɗin hitar, na biya ban yi ciniki ba.