Kamun giwan ruwa don nishaɗi a tafkin Nasser

Tafkin Nasser da ke kudancin ƙasar Masar yana daga cikin wuraren da suka yi suna a duniya wajen kamun kifi don nishaɗi, wato irin sun da ake yi da fatsa daga cikin ƙaramin jirgin ruwa, ba don ci ko sayarwa ba. Kifin da ke jawo baƙi daga Turai da sauran sassan duniya zuwa wannan tafki shi ne giwan ruwa, wanda masana kimiyya ke kira Lates niloticus. Tsawonsa kan kai kusan mita biyu, kuma yana cikin kifayen ruwan daɗi mafiya girma a nahiyar Afirka.

Asalin tafkin

Tafkin ya samu ne sakamakon gina babbar madatsar ruwa ta Aswan a kan kogin Nilu, aikin da aka fara a 1960 da taimakon tsohuwar Tarayyar Sobiyet, aka kuma kammala a 1970. An raɗa masa sunan shugaban Masar na wancan lokaci, Gamal Abdel Nasser. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 500, faɗinsa kuma ya haura murabba'in kilomita 5,000. Kaso mafi tsoka yana cikin Masar, yayin da sashen da ya shiga Sudan ake kiransa tafkin Nubiya.

Ruwan ya mamaye garuruwa da gonakin al'ummar Nubiya, abin da ya tilasta wa dubun dubatar mutane ƙaura, ciki har da mazauna tsohon garin Wadi Halfa. Haka kuma an ɗauke gine-ginen tarihi na Abu Simbel zuwa kan tudu tsakanin 1964 da 1968. Duwatsu da tuddai da kwazazzaban da ruwan ya shanye su ne suka zama maɓoyar giwan ruwa. Akwai kuma gomman rassa da suka kutsa cikin hamada, irin su Allaƙi da Kalabsha da Toshka, inda ƙananan kifaye ke hayayyafa.

Kifayen da ake nema

Giwan ruwa mafarauci ne. Yakan laɓe a gindin dutse ko a bakin gangaren da ke ƙarƙashin ruwa, yana jiran karfasa da sauran ƙananan kifaye, sa'an nan ya zuƙe su da faffaɗan bakinsa. Ƙungiyar IGFA mai hedkwata a jihar Florida ta Amurka, wadda aka kafa a 1939 kuma take adana bayanan manyan kifayen da aka kama da fatsa, ta yi rajistar wani giwan ruwa mai nauyin kilo 104 da aka kama a tafkin Nasser a watan Disamban 2000. Ban da shi, akwai tsage mai kaifin haƙora, da kuma manyan dangogin tarwaɗa.

Wannan kifi dai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yana cikin kifayen da ake gasar kamawa a bikin Argungu na jihar Kebbi, wanda aka fara a 1934, inda a 2005 wanda ya zo na ɗaya ya fito da kifi mai nauyin kilo 75. Bambancin shi ne a Argungu da koma da gora ake shiga ruwa, a tafkin Nasser kuwa da sanda da zare da jirgi mai inji ake yi.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne sandar fatsa, wadda ake ƙerawa daga sinadarai marasa nauyi, masu lanƙwasa ba tare da sun karye ba. Tsawonta kan kai mita biyu zuwa biyu da rabi. A gindinta ake ɗaura na'urar naɗe zare mai ɗaukar mita 200 ko fiye. Na'urar tana da birki wanda ake saitawa yadda zai riƙa sakin zare a hankali idan kifi ya ja da ƙarfi. Idan aka matse birkin da yawa zare ya tsinke, idan kuma aka sassauta shi fiye da kima kifi ya shige cikin duwatsu.

Galibin masu wannan wasa suna amfani da saƙaƙƙen zare mara miƙewa, mai jure nauyin kilo 25 zuwa 40. A ƙarshensa sai a haɗa wani guntun zare mai kauri, saboda murfin kunnen giwan ruwa yana da kaifi, duwatsun tafkin ma suna cin zare. Wanda ke neman tsage kuwa sai ya sa 'yar siririyar waya, domin haƙoransa na datse zaren roba nan take.

A maimakon tana ko ɗanyen kifi, ana maƙala kifin ƙarya na katako ko na roba, mai ɗauke da ƙugiyoyi masu baki uku. A gabansa akwai wani leɓe wanda ke sa shi nitsewa yana karkaɗa jiki idan an ja shi. Gwargwadon tsawon leɓen, gwargwadon zurfin da zai kai. Wani masunci ɗan ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa samfurin a 1936, bayan ya lura cewa manyan kifaye sun fi kai wa mai rauni hari. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana cikin manyan masu ƙera waɗannan kayayyaki.

A cikin jirgin kuma akan kafa na'urar auna zurfi. Tana aika sauti zuwa ƙasan ruwa, ta auna lokacin da amsa-kuwwarsa ta ɗauka kafin ta dawo, sa'an nan ta zana hoton ƙasan tafkin da gungun kifaye a kan allo. Muhimmancinta shi ne tudun da ke da zurfin mita huɗu kan kasance dab da rami mai zurfin mita talatin, kuma a irin wannan gaɓa ce kifin ke tsayawa.

Yadda ake jan fatsa

Dabarar da aka fi amfani da ita a tafkin ita ce jan fatsa a bayan jirgi yana tafiya sannu a hankali, kamar saurin mai tafiya a ƙasa, wato kilomita uku zuwa shida cikin sa'a guda. Akan saki zare mita 30 zuwa 50, yadda kifin ƙaryar zai yi nisa da ƙarar inji. Idan mutum biyu ko uku ne a jirgi, kowa kan saki tsawo daban, ya kuma sa kifin ƙarya mai nitso daban, don kada zaruruwa su sarƙe, kuma don a gwada zurfi iri-iri a lokaci guda.

Matuƙin jirgi ba ya bin miƙaƙƙen layi. Yana bin bakin gangare yana karkata dama da hagu. A duk lokacin da ya karya kwana, fatsar da ke ta ciki takan rage gudu, ta waje kuma ta ƙara, kuma sau da yawa wannan sauyin gudu ne ke tunzura kifi ya kai cafka. Ƙwararru kan bar kifin ƙaryar ya riƙa taɓa dutse jefi-jefi, ko da yake hakan na jawo asarar kaya idan ƙugiya ta maƙale.

Da zarar kifi ya kama, sauran mutane sai su naɗe nasu zaren, matuƙi ya ja jirgi zuwa inda ruwa ke da zurfi. Giwan ruwa kan nitsa da ƙarfi, ko ya taso sama yana girgiza kai da baki buɗe, kuma a nan ne ƙugiya ta fi suɓucewa. Mai riƙe da sanda yakan ɗaga ta a hankali, sa'an nan ya sauke yana naɗe zare, har kifin ya gaji.

Lokaci da haɗura

An fi yin wannan tafiya a watannin da zafi ya lafa, domin da bazara zafin Aswan kan haura digiri 40. A lokacin zafi ruwan tafkin kan rabu hawa biyu, na ƙasa ya rasa isasshiyar iskar shaƙa, abin da ke sa kifaye komawa sama. Sanyin safiya da la'asar sakaliya su ne suka fi albarka.

Tafkin Nasser shi ne wurin da kadojin Masar suka rage da yawa, saboda haka shiga ruwa na da haɗari. Iskar arewa kan tayar da igiyar ruwa ba zato, ga shi kuma garuruwa na da nisa. Wannan ya sa akan tafi da babban jirgi mai ɗauke da abinci da mai, tare da rigunan kariya daga nitsewa. Kasancewar yankin na kan iyaka, sai da izinin hukuma ake shigarsa.

Makomar kifin

Masu shirya irin wannan tafiya sun ɗauki tsarin mayar da kifi ruwa bayan an auna shi an ɗauki hoto. Dalili shi ne galibin manyan giwayen ruwa mata ne, kuma su ne ke zuba ƙwai mafi yawa. To amma sakin ba ya amfani idan ba a kiyaye ba. Kifin da aka fizgo da sauri daga zurfi, jakar iskar da ke cikinsa kan kumbura, ya kasa komawa ƙasa. Ana kuma son a tallafe shi a cikin ruwa har ya farfaɗo, maimakon a rataye shi ta baki.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai dubban masunta, da yawansu daga wasu lardunan Masar, waɗanda tafkin ne abincinsu, kuma karfasa ce mafi yawan abin da suke kamawa. Kamun ya kai ƙololuwa a 1981 da kimanin tan dubu 34, daga bisani ya ja baya. Masana na danganta hakan da yawan su da kuma amfani da raga mai ƙananan idanu, kuma hukumomin Masar sun sha rufe tafkin na wasu makonni a lokacin da karfasa ke ƙwai. Tun da karfasa na cikin abincin giwan ruwa, raguwarta na shafar masunta da masu nishaɗi baki ɗaya.

Abin lura shi ne giwan ruwa ɗan asalin kogin Nilu ne a wannan yanki. A tafkin Victoria kuwa shigar da shi aka yi a shekarun 1950, kuma bayan ya yawaita a shekarun 1980, an yi ƙiyasin cewa kimanin nau'i 200 na ƙananan kifayen tafkin sun ɓace. Wannan ne ya sa masana ke gargaɗi game da kai shi ruwan da ba nasa ba, komai kuɗin da baƙi masu fatsa za su kawo.