Tafarkin Tao: Daga Falsafa Zuwa Addini a Ƙasar Sin

Kalmar Tao, ko Dao, a harshen Sinanci tana nufin hanya ko tafarki. Masu wannan koyarwa sun ɗauke ta a matsayin asalin dukkan abubuwa, da kuma tsarin da duniya take bi da kanta ba tare da wani ya tura ta ba.

Ana danganta tushenta ga Laozi. Masanin tarihi Sima Qian, wanda ya yi rubutu wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce Laozi mai kula da taskar littattafai ne a fadar daular Zhou. Da ya ga mulki ya lalace sai ya nufi yamma, mai gadin iyaka kuwa ya roƙe shi ya rubuta iliminsa kafin ya wuce. Littafin shi ne Daodejing, mai babi 81. Labarin yana da daɗi, amma masana da dama suna ganin aikin hannu da yawa ne. A 1993 an tono wani kabari a Guodian, na wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, aka sami sassan littafin a kan tsagin gora, ba a jere yadda aka san su yau ba.

Zamanin kuwa na yaƙe-yaƙe ne tsakanin masarautu. Mabiya Konfushiyas sun ce maganin fitina shi ne ladabi da bin al'adun magabata. Daodejing ya kawo wu wei, wato barin tilasta wa abubuwa. Ba lalaci ake nufi ba. Gargaɗi ne ga sarki cewa yawan dokoki da haraji da yaƙi su ke haifar da ɓarnar da yake neman kawarwa. Zhuangzi ya wuce nan, domin a wurinsa gujewa muƙami ma shi ne hankali.

Abin mamaki, koyarwar da ta ja kunnen masu mulki ba ta rabu da harkar mulki ba. A shekara ta 142 miladiyya, Zhang Daoling ya ce Laozi ya bayyana gare shi a yankin Sichuan. A nan aka fara addini mai shugabanni da gundumomi. Kowane gida yana ba da awo biyar na shinkafa, har aka laƙaba wa ƙungiyar wannan suna. Marar lafiya sai ya furta laifuffukansa, don sun ɗauka zunubi ke kawo cuta. Jikansa Zhang Lu ya riƙe yankin Hanzhong kamar ƙasa mai cin gashin kanta, sai a 215 ya miƙa wuya ga Cao Cao. Kafin nan, a 184, wata ƙungiyar ta Zhang Jue ta yi tawayen masu rawani ruwan ɗorawa, wanda ya girgiza daular Han.

Sarakunan daular Tang (618 zuwa 907) sun zaɓi rungumar addinin. Sunan zuriyarsu Li, an kuma ce shi ne sunan gidan Laozi, sai suka mai da shi kakansu. Amma kwaɗayin maganin dawwama ya cutar da su. Masu haɗa shi suna amfani da zaiba, wadda guba ce, kuma ana danganta mutuwar Sarki Wuzong a 846 da shan irinsa. Daga irin waɗannan gwaje-gwaje ne aka gano albarushi. A 1222 Jangis Khan ma ya tambayi malami Qiu Chuji ko yana da maganin, shi kuwa ya gaya masa gaskiya cewa babu, sai dai hanyoyin kiyaye lafiya.

A juyin juya halin al'adu, 1966 zuwa 1976, an rufe wuraren ibada, an rusa da yawa. Bayan haka aka sake buɗe su. Yanzu Tao yana cikin addinai biyar da gwamnatin Sin ta amince da su, ƙarƙashin ƙungiyar da aka kafa a 1957, mai hedkwata a haikalin Baiyun da ke Beijing.