Al-Kashi da Silin Gashin Doki: Yadda Aka Auna Da'ira a Samarƙand

Ɗauki faifai, ka zagaya bakinsa da zare, sannan ka shimfiɗa zaren a kan faɗinsa daga gefe zuwa gefe ta tsakiya. Zai yi faɗin sau uku, ɗan guntu ya rage. Ko bakin rijiya ka auna, ko tayar mota, sau ukun nan ne da guntunsa. Wannan adadi shi ne ɗalibai suka sani da pai, kuma guntun nan da ke raguwa ya hana masana barci shekaru dubbai.

Mutanen Babila sun ɗauke shi 3 da ɗaya bisa takwas. Arkimidis na Sirakusa, wanda ya mutu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya kawo dabarar da aka daɗe ana bi. Ya zana siffa mai gefe 6 a cikin da'ira da wata a wajenta, ya yi ta ninka gefunan har suka kai 96, ya tabbatar cewa adadin na tsakanin 3 da 10/71 da kuma 3 da 1/7. Daga nan 22/7 ɗin da ake koya mana ya samo asali. A ƙasar Sin, Zu Chongzhi ya kawo 355/113 a ƙarni na 5.

Amma wanda na fi so mai karatu ya sani shi ne Jamshid al-Kashi, mutumin Kashan a ƙasar Farisa. Ya sha yawon neman sarkin da zai riƙe shi kafin Ulug Beg, jikan Timur, ya kira shi Samarƙand. Ulug Beg basarake ne da ilimin taurari ya shiga ransa, har ya gina madarasa da gidan nazarin sararin samaniya.

A 1424 al-Kashi ya kammala Risalatul Muhiɗiyya, littafinsa a kan kewayen da'ira. Abin da ya fi burge ni shi ne, kafin ya fara lissafi sai da ya tsayar da iyakar kuskuren da zai lamunta. Ya ƙaddara wata da'ira da faɗinta ya ninka faɗin duniya sau 600,000. Sai ya ƙudurta samo adadin da idan aka lissafa kewayen wannan da'ira da shi, kuskuren ba zai kai kaurin silin gashin doki ba. Wannan ba adon magana ba ne: a ma'aunan lokacin, sili shida ne faɗin ƙwayar sha'ir ɗaya. Daga wannan buƙata ya gano yawan gefunan da zai yi aiki da su.

Ya fara da siffa mai gefe 3, ya ninka sau 28, ya tsaya a gefe 805,306,368. Ba wai ya zana ta ba, don babu takardar da za ta ɗauka. Da alƙalami da tawada ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, kowane da ciro tushen lamba mai tsawo, yana komawa baya ya tabbatar bai yi tuntuɓe ba. Da lissafin sittin-sittin ya yi aikin, irin wanda muke raba awa da minti da shi, sannan ya mayar da amsar zuwa na goma-goma: ninkin pai sau biyu shi ne 6.2831853071795865. Duk lambobi 16 da ke bayan ɗigon daidai suke.

Ya rasu a 1429. Sai a 1596 Ludolf fan Koilen ya wuce shi a Holan da lambobi 20, shekara fiye da 170 bayan littafinsa. Abin takaici, a ajujuwanmu da wuya a ambaci sunansa, in ban da makarantun da ke bin tsarin Faransa, inda ake kiran wata ƙa'idar lissafin kusurwa da shi.

Guntun zaren kuwa, a 1761 Johann Lambert ya tabbatar babu wasu cikakkun lambobi biyu da za a raba su ba da shi daidai, komai girmansu.