Ƙungiya Ce Makarantar Marubucin Hausa

Duk wanda ya daɗe a harkar rubutun Hausa ya saba jin tambayar sabon shiga: ta ina zan fara? Amsar da aka fi ba shi ita ce ya yawaita karatu, ya kuma riƙe alƙalami kullum. Wannan gaskiya ne, sai dai da sauran magana. Idan aka bi tarihin adabinmu daki-daki, za a ga cewa babu wani zango da rubutu ya haɓaka a cikinsa face akwai wani zaure da marubuta ke haɗuwa, wani ya karanta, wani ya gyara, wani ya ɗora a kan abin da ɗan'uwansa ya fara. Ra'ayina shi ne sabon marubuci ya nemi ƙungiya tun da wuri, amma ya san abin da ya je nema. Tambari da yabo da yawan mabiya duk ana samunsu a wasu wuraren. Abin da ƙungiya kaɗai ke iya ba marubucin Hausa, kuma wanda ya sa ta zama dole a gare mu, shi ne gyara.

Haɗa hannu a kan rubutu ɗaya ya girmi boko a ƙasar Hausa. Malaman ƙarni na 19 sun yi tahmisi, inda wani zai ɗauki waƙar da wani ya rubuta mai ɗango biyu-biyu, ya ƙara wa kowane baiti ɗango uku, ya koma mai biyar, ba tare da ya karya karin waƙar ko amsa-amonta ba. Tabban Haƙiƙa misali ce da kowane ɗalibin Hausa ya sani: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahmisi. Mutum uku, waƙa ɗaya, kuma babu wanda sunansa ya ɓace. Mai tahmisi yana koyon ladabin da ya fi kowanne wuya a rubutu, wato ya shiga cikin tunanin wani ya ƙara masa ƙarfi ba tare da ya murƙushe shi ba. Wannan al'adar zama tare ta ci gaba har zamanin boko. A Kano, Mudi Sipikin ya jagoranci ƙungiyar Hikima, Aƙilu Aliyu kuma ya shugabanci Hausa Fasaha, kuma a irin waɗannan majalisu ne matasan mawaƙa suka riƙa karanta baitocinsu a gaban manya kafin jama'a su ji su a rediyo.

Shi ma ƙagaggen labari da taron dangi aka haife shi. A 1933 Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su shiga gasar rubuta labari. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi kuwa sunan mutum biyu ne a bangonsa, John Tafida da East ɗin kansa. Ko Magana Jari Ce, da muke ɗauka tamkar ma'aunin daɗin Hausa, Imam ya rubuta shi ne a 1936 yana zaune a Zariya, ana kawo masa littattafan labaran Larabawa da Indiyawa da Turawa, yana rubutawa, East yana dubawa suna tattaunawa. Wannan bai rage wa Imam komai ba. Ya dai nuna cewa gwanin da ya fi kowa ma ya samu mai karanta masa aikinsa kafin ya fita. Hukumomin da suka biyo baya, NORLA a shekarun 1950 da kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966, sun riƙe wannan aiki na tacewa. Matsalarsu ɗaya ce, ƙofarsu ƙarama ce. Littattafan da suke fitarwa ba su da yawa, kuma mafi akasari sai an jira gasa, kamar wadda ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980.

A tsakiyar shekarun 1980 abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban samari da 'yan mata da suka iya karatu da rubutun Hausa, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta inda cinikinsu yake. Ga masu karatu birjik, ga masu labari a ka, babu mai bugawa. A wannan giɓi ne ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa suka taso a Kano. Raina Kama ce ta fi fice, da Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba Chediyar 'Yan Gurasa a kan gaba. Wanda ya taɓa riƙe littafin wancan zamani ya san kamanninsa: siririn littafi mai takarda mara haske, zanen saurayi da budurwa a bango, tambarin ƙungiya a gefe, a ciki kuma jerin littattafan sauran 'yan ƙungiya, waɗanda suka fito da waɗanda ke tafe. Marubuci yakan cika littafin rubutu mai layi da biro, ya kai wa mai keken rubutu, ya tara kuɗin bugun kashi na ɗaya, ya raba wa masu shagunan littattafai bashi, sai kuɗin ya dawo sannan kashi na biyu ya fita. Sabon shiga ba zai iya sanin wace maɗaba'a ce ba ta cin amana ba, ko wane dillali ne ke biya a kan lokaci, sai ta bakin waɗanda suka riga shi. Ƙungiya ta zame masa kamfanin ɗab'i da ofishin talla a lokaci guda.

A nan ne suka ta farko take, kuma tana da nauyi. Tun farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yayi ne da zai wuce, kuma an kwashe shekaru ana muhawara a jaridu tsakaninsa da su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu. Masu wannan ra'ayi suna cewa ƙungiya tana sa kowa ya yi kama da kowa: wani ya yi soyayya ta karɓu, sai ɗari su bi sahu da jigo ɗaya da salo ɗaya, ga kurakuran rubutu a kowane shafi. Ban musa cewa an buga tarkace da yawa ba. Amma idan aka duba da kyau, abin da sukar ta kama shi ne ƙarancin gyara, ba yawan haɗuwa ba. Ƙungiyoyin sun gaji aikin bugawa da rarrabawa daga hukumomin da suka ja baya, amma ba su gaji aikin edita yadda ya kamata ba, saboda edita yana son lokaci da kuɗi, su kuwa kowa na hanzarin mayar da jarinsa. Duk da haka daga cikin wannan zauren ne littafin In Da So Da Ƙauna ya fito, daga cikinsa ne Balaraba ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Littattafan da suka tsaya a kan auren dole da ilimin 'ya mace da halin matar da aka saka da 'ya'ya ba su da wata ƙofar fita a wancan lokaci sai wannan. Da an jira NNPC, da yawancinsu suna cikin akwati har yau.

Akwai kuma wani amfani da ba a ganinsa sai rana ta ɓaci. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kuma a shekarar da ta biyo baya hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar ta nemi kowane marubuci ya yi rajista da ita. Marubuci ɗaya ba shi da bakin da zai ja da hukuma. Ƙungiyoyi ne suka haɗa kai, da reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, suka zauna aka yi ta kai-komo har ƙura ta lafa. Wannan zango ya koya mana cewa idan marubuta ba su tsara yadda za su tace kansu ba, wani zai zo ya tace su da ma'aunin da ba su da hannu a ciki.

Yau takarda ta ja baya, waya ta karɓi fage. Akasarin sababbin marubuta mata ne, kuma da yawansu da babban yatsa suke rubuta littafi sukutum a kan waya, su saki shafi-shafi a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. Tsarin kashi na ɗaya da na biyu ya dawo da sabuwar riga: a saki shafukan kyauta, idan labari ya kama mai karatu sai a ce daga nan littafin kuɗi ne, a tura ta banki ko katin waya. Wasu marubutan sukan haɗu su huɗu ko biyar su fitar da littattafansu a farashi ɗaya. Sannan ga rubutun haɗaka, inda ake raba babi-babi, ko kowa ya ɗauki tauraro ɗaya ya riƙa magana da bakinsa, wannan uwar gida, wannan amarya, wancan maigida. Ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi yana ganin tashe da azumi, ko ya san wasan gauta da kalankuwa, inda kowa ke hawa matsayin wani a gina wasa tare ba tare da rubutaccen tsari ba. Ga sabon shiga, rubutun haɗaka horo ne mai kyau ƙwarai, domin yana tilasta masa abubuwan da shi kaɗai zai yi ta kauce musu. Dole ya karanta abin da na gabansa ya rubuta da natsuwa. Dole ya tuna cewa an ce amarya marainiya ce a babi na biyu, kada ya kawo mahaifinta a babi na bakwai. Dole ya cika alkawarin ranar da zai miƙa nasa, kuma ba shi da ikon kashe tauraron wani ko aurar da shi sai da shawara.

Suka ta biyu ta fi ta farko zafi, kuma daga cikin gida take fitowa. Ana cewa ƙungiyoyin yanzu sun zama dandalin yabon juna, kowa gwana ce, kowane shafi ya yi daɗi, wanda ya nuna kuskure kuma a kira shi mai hassada. Ana kukan batsa da ake cusawa don a ja masu saye, da rubutun da ba ya bambanta ƙ da k ko ɗ da d, da haɗe kalmomin da ya kamata a raba, da fitar da littafin kuɗi a yaɗa shi kyauta, da rigimar wa ke da labari idan haɗaka ta watse. Duk waɗannan suna faruwa. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da kaɗaici ke magancewa. Wadda ke rubutu ita kaɗai ba ta da mai ce mata wannan fage ya wuce gona da iri, kuma idan aka sace mata littafi ba ta da mai tsaya mata. Rigimar mallaka kuwa maganinta tsohon ladabin tahmisi ne, a rubuta sunan kowa da abin da ya yi, a kuma yanke yadda za a raba kuɗi tun kafin a saki shafin farko. Rufe OkadaBooks a 2023 ya ƙara nuna cewa manhaja tana iya tafiya da dare ɗaya, amma mutanen da suka san aikinka suna nan. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani, ta dawo da abin da aka rasa, wato alƙalai da ƙa'ida da iyakar kalmomi, kuma duk wanda ke cikin harkar ya ga yadda hakan ya sa marubuta suka koma neman wanda zai duba musu labari da gaske kafin su tura.

Wani zai ce a ƙarshe dai rubutu aikin mutum ɗaya ne, baiwa ce, ba a koyar da ita a taro. Na yarda cewa jimla daga kan mutum ɗaya take fitowa, kuma babu ƙungiyar da za ta ba wa mutum abin faɗa idan ba shi da shi. Amma marubucin Ingilishi da ke cewa shi kaɗai yake aiki yana da wakili da edita da mai duba kurakurai da mai sharhi a jarida, dukkansu a bayansa. Marubucin Hausa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu a tsaye, sai abin da 'yan'uwansa suka yi masa. Don haka shawarata ga mai son farawa ita ce ya auna ƙungiya da tambayoyi kaɗan kafin ya shiga. Ana karanta aikin sabon shiga har ƙarshe? Ana nuna masa kuskure da dalili? Akwai wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa a cikinsu, kuma ana jin maganarsa? Shugabannin su ma suna miƙa nasu a gyara? Idan ya samu irin wannan, ya shiga da haƙuri, ya fara da karanta na wasu da yi musu sharhi na gaskiya, ya karɓi ƙaramin babi a haɗaka kafin ya ɗauko littafi mai kashi uku, ya kuma riƙe cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu kuma da muka riga shi, nauyin da ke kanmu shi ne mu mayar da aikin edita cikin ƙungiyoyinmu, mu ware masa mutane da lokaci da kuɗi, domin shi ne aikin da muka bari a baya tun shekarun 1980, kuma babu wata hukuma da ke shirin zuwa ta yi mana shi.