Yadda Ƙofofin Jami'o'in Amurka Suka Buɗe wa Naƙasassu

Ofishin kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman, wato sashen da ke tanadar wa makaho littattafai a rubutun makafi ko a murya, ya samo wa kurma tafinta mai maganar hannu, ya kuma tabbatar gurgu ya isa ɗakin lacca a kan kekensa, abu ne da ake samu yau a kusan kowace jami'a ta Amurka, alhali kuwa bai samu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin lokacin hanyar da aka sani ita ce ta ware naƙasassu a makarantunsu, kamar kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Washington, wadda Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar ba ta ikon bayar da digiri a 1864. Gurgu kuwa ba ya buƙatar a rubuta masa takardar ƙi, domin matakalar ƙofar jami'a ta isa ta mayar da shi gida.

Yaƙin ne ya sauya lissafi, saboda magungunan kashe ƙwayoyin cuta sun sa sojojin da suka ji rauni a laka, waɗanda a da ba su cika daɗewa a raye ba, suka dawo gida da ransu, ga kuma dokar 1944 da ta ɗauki nauyin karatun 'yan mazan jiya. A 1948 Jami'ar Illinois ta ɗora wa Timothy Nugent aikin kula da irin waɗannan ɗalibai a reshenta na Galesburg, wanda asalinsa asibitin soja ne, don haka keken guragu yana iya yawo a cikinsa. Da aka rufe reshen a 1949, ɗaliban suka yi tattaki zuwa Springfield, babban birnin jihar, suka nuna rashin amincewarsu, har aka mayar da shirin babban harabar jami'ar da ke Urbana-Champaign. A can aka gina gangare a ƙofofi, aka sassaƙe bakin titi don keke ya hau ya sauka, aka samar da motocin bas masu na'urar ɗaga keke, kuma gwaje-gwajen da aka yi da ɗaliban su ne tushen ƙa'idar gine-gine ta ƙasa ta 1961, wadda ta ce kada gangare ya tashi fiye da taku ɗaya a cikin kowane taku 12 na tsawonsa. Sai dai tsarin Nugent na ƙwararru ne, kuma sharaɗinsa mai tsauri ne: ana so ɗalibi ya iya yi wa kansa wanka da sa tufafi da sauran hidimar yau da kullum, wanda ke nufin mai tsananin naƙasa ya rage a waje.

Wannan giɓi ne ya sa labarin Berkeley ya fi muhimmanci, ko da yake ya zo daga baya. Ed Roberts, wanda shan inna ya kama a 1953 yana ɗan shekara 14, ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, kuma yana kwana a cikin huhun ƙarfe, wato wata ƙatuwar na'ura da ake kwantar da mutum a ciki tana taimaka masa numfashi. Hukumar farfaɗo da naƙasassu ta Kalifoniya ta fara ƙin biyan kuɗin karatunsa bisa hujjar cewa ba zai taɓa iya aiki ba, kuma da ya samu shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1962 babu ɗakin kwanan ɗalibai da zai ɗauki na'urarsa, sai aka ba shi ɗaki a Cowell, asibitin jami'ar. John Hessler ya biyo shi a shekara mai zuwa, wasu suka biyo baya, kuma zaman da suka yi wuri ɗaya ya sa suka gane cewa abin da ke ɗaure su bai tsaya ga jikinsu ba, ya haɗa da ikon da likitoci da jami'an jin ƙai suke da shi a kan rayuwarsu. A 1970 suka samu tallafin gwamnatin tarayya suka kafa shirin da naƙasassun da kansu suke gudanarwa, inda ake gyaran keke, ana nema wa ɗalibi gida a cikin gari da mai hidima wanda shi ɗalibin zai ɗauka ya kuma sallama. A wurinsu cin gashin kai shi ne mutum ya yanke shawarar rayuwarsa, ko da wani ne ke ɗaura masa takalmi. Roberts kuwa, a 1975 Gwamna Jerry Brown ya naɗa shi shugaban hukumar nan da ta ce ba zai yi aiki ba.

Doka ta zo ne a bayan waɗannan ayyuka. Sashe na 504 na dokar farfaɗo da naƙasassu ta 1973 ya haramta wa duk wata cibiya mai karɓar kuɗin tarayya nuna bambanci saboda naƙasa, kuma tun da da wuya a samu jami'ar da ba ta cin wannan kuɗi, sashen ya shafe su kusan duka. Amma ƙa'idojin aiwatar da shi sun yi shekaru a ajiye ba sa hannu, sai da naƙasassu fiye da 100, ƙarƙashin jagorancin Judy Heumann da Kitty Cone, suka yi zaman dirshan na sama da mako uku a ofishin gwamnatin tarayya da ke San Francisco, kafin minista Joseph Califano ya sa hannu ranar 28 ga Afrilu, 1977. Daga nan ne ofisoshin tallafi suka yaɗu, wata doka ta 1990 kuma ta faɗaɗa haramcin har ga cibiyoyi masu zaman kansu.

Kotun Ƙoli ta shata iyaka tun 1979, a shari'ar Frances Davis, mai matsalar ji, wadda wata kwaleji ta hana shiga karatun jinya, inda alƙalai suka yanke cewa ba za a tilasta wa makaranta ta sauya ainihin manhajarta ba. Abin da ya wajaba shi ne sassauci daidai gwargwado, wato gyaran da ke kawar da cikas ba tare da rage nauyin karatu ba, kamar ƙarin lokacin jarrabawa ko mai rubuta wa ɗalibi darasi. Akwai kuma wani nauyi da tsarin ya bari a wuyan ɗalibi: a firamare da sakandare hukuma ce wata doka ta 1975 ta ɗora wa alhakin gano yaro mai naƙasa, amma a jami'a shi zai bayyana kansa, ya kawo shaidar likita, sau da yawa da kuɗin aljihunsa. Wannan ya fi takura masu naƙasar da ido ba ya gani, irin su wahalar karatu da lalurar ƙwaƙwalwa, waɗanda gangare da faɗin ƙofa ba su magance musu komai ba, kuma ɗan talaka a cikinsu yakan rasa tallafin don kawai ya kasa biyan kuɗin gwajin da zai tabbatar ya cancanta.